Barewar da Na Rufe wa Damisa

Kafin in fara, ya kamata in faɗa cewa an ɗan jima da na baro wancan daji, kuma ba duk littattafan aikina ne suka dawo gida tare da ni ba. Wasu abubuwan daga ƙwaƙwalwa na ɗauko su, ita kuwa ba na ba ta cikakkiyar amana. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Inda nake shakka zan faɗa.

Samarin da ke taruwa a zaurenmu a Sheme bayan la'asar su suka ja ni rubutun nan. Sun ga hotunan da ke wayata, sai ɗaya daga cikinsu, wanda ya gama digirinsa bara, ya ce, "Malam Sa'idu, wato dai shekara shida Turawa suka ajiye ka kana ɗaukar hoton ƙatuwar kyanwa? Ai ni ma in an ba ni rigar sanyi zan iya." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma a shekara shidan nan sau uku kacal na ga damisar da idona, kuma ɗaya daga ciki har yau ban tabbata ba ko wutsiyarta ce ko reshe ne ya motsa.

Damisar da nake nufi ba irin tamu mai ɗigo-ɗigo ba ce. Wannan ratsin baƙi gare ta a kan ja, tana zaune a dazuzzukan gabashin Rasha, kusa da iyakar Sin, inda sanyi kan sauka digiri talatin ƙasa da sifili. Babban namiji yakan kusa nauyin buhun masara biyu. Da hunturu gashinta yakan yi tsawo ya yi kauri, ta tara kitse a ciki, har ka ga inda ta kwana a tsakiyar dusar ƙanƙara kamar a kan tabarma. Karatun ilimin dabbobi ya kai ni ƙasar, da na gama sai na samu aiki a wani gandun daji. Aikin shi ne mu ƙidaya damisoshin, mu san wace ce ke ina, ba tare da mun gan su ba.

Bin sawu dai ba a can na fara shi ba. Kawuna, Baba Sallau, shi ake aika wa idan saniya ta ɓata tsakanin Yankara da Sabuwa, a lokacin da mutum ke iya ratsa dajin nan da sanda kawai. Ina raka shi duk hutu. Abu biyu ya dasa mini. Na farko, sawu gaba ake bin sa, da hanzari, kafin iska ko wani garken ya shafe shi. Na biyu, in ka tarar da dabbar mutane ta faɗi a daji, ko ciwo ne ko kura, ba ka wucewa. Ka kore ungulu, ka sare ƙaya ka rufe ta, ka kafa sanda ka ɗaura tsumma yana kaɗawa, domin mai ita ya zo ya gani da idonsa. Yakan ce, "Wanda ya bar wa ungulu dabbar mutane, shi da ɓarawo mi ya raba su?"

Ranar farko da na fita aiki a gandun, an haɗa ni da wani dattijo mai suna Stepan, tsohon maharbi da ya ajiye bindiga ya koma ƙidaya. Ban iya kiran dattijo da gundarin sunansa ba, sai na riƙa ce masa Malam, na bayyana masa ma'anar, ya ce ya karɓa. Shi kuma ya laƙaba mini Mai Digiri. Kafin mu bar bukka ya zare biron da ke aljihuna ya ajiye a taga, ya miƙo mini guntun fensir. A wancan sanyin tawada daskarewa take yi. Sauran kayan ba su da yawa: rula ta ƙarfe, littafi, ashana a cikin leda, wasu katakai biyu masu faɗi da ake ɗaurawa a ƙafa don kada mutum ya nutse, da sandar wuta da ake jan igiyarta ta yi tartsatsi in dabba ta taso. Tawa sandar ban taɓa kunna ta ba. Ruwan alwala kuwa sai na narka ƙanƙara a gwangwani.

Sawu na farko da na auna a kan wani kogi ne da ya daskare. Na durƙusa a kansa. Abin ya kai faɗin kwanon sha! Na ɗora rula daga yatsa zuwa yatsa, Malam ya buge mini hannu. Ba yatsu ake aunawa ba, domin suna buɗewa suna rufewa. Tsokar tsakiyar tafin ƙafar gaba ake aunawa, wadda muke kira dunduniya. In ta wuce santimita goma da rabi, kusan kullum babban namiji ne. In tana tsakanin takwas da rabi da goma, mace ce, ko kuma saurayin da bai gama girma ba, kuma a nan ne mutum ke yin kuskure. Sannan a inuwa ake aunawa, domin rana tana lasar gefen sawu ta faɗaɗa shi. Na taɓa rubuta namiji a wani kwari da hantsi, Malam ya kai ni ƙarƙashin itace taku ashirin gaba, ya ce in sake aunawa. Sai ga mace. Ya ce, "Mai Digiri, ka haifa wa gwamnati damisa guda kafin azahar. In ka ci gaba haka, bana ba sauran wurin taka ƙafa a dajin nan."

Shekarun sawu kuma da yatsa ake sanin su. Ka cire safar hannu ka taɓa gefen. In ya rugurguje kamar garin tuwo, ɗazu ta wuce. In ya yi ɓawo, ya kwana. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne dokar Malam ta cewa baya ake bin sawu, wato ka nufi inda ta fito, ba inda ta nufa ba. A bayan nan ne labarin yake: inda ta kwanta, abin da ta ci, inda ta laɓe. In ka bi gaba, korar ta kake yi, ko kuma ta zagayo ta riƙa bin naka sawun. Na ji, na rubuta, amma ƙafata ba ta taɓa yarda da dokar ba.

Wani aiki da nake so ƙwarai shi ne kafa kyamara. Ba ko'ina ake kafa ta ba. Damisa tana da itatuwan da take barin saƙo, galibi wanda ya karkata a bakin hanya ko a ƙarƙashin dutse. Ta goga kumatunta, ta kafta faratanta, ta juya ta fesa fitsari. Duk wadda ta zo wucewa sai ta tsaya ta shinshina, ta san wane ne ya wuce, namiji ne ko mace, ko macen tana neman miji. Mu ma shinshinawa muke yi, da hancinmu, a durƙushe. Wannan ne sashen da ba ya fitowa a hoton waya. In ka samu itacen, ka ɗaura kyamara daidai gwiwa, ka dawo bayan wata biyu, sau da yawa ka tarar sanyi ya shanye batir a mako na farko, ko beyar, wata ƙatuwar dabbar dajin mai gashi, ta tauna akwatin. Amma ranar da ka buɗe ka ga fuskar nan ta cika hoton, gemunta duk ƙanƙara, wallahi sai ka manta yatsun ƙafarka sun daina ji. Ratsin kowace daban yake, kamar zanen yatsan mutum, da shi muke gane su.

Ta haka na san wadda muke kira Mai Kogi, domin yankinta ya bi gaɓar kogin nan. Yankin mace ɗaya, in ban yi kuskure ba, mutum zai yi kwanaki yana zagaya shi a ƙafa, na namiji kuwa yakan haɗiye na mata biyu ko uku. Dole ne ya yi faɗi, domin dajin sanyi ba ya tara nama wuri ɗaya. Komai kuma a jikin itace yake rataye. Akwai wani dogon itace mai ganye kamar allura da ke zubar da ƙwaya irin gyaɗa. Shekarar da ya yi 'ya'ya, aladun daji su yi ƙiba su hayayyafa, damisa ta ƙoshi. Cikinta wata uku da rabi ne, ta haifi biyu ko uku a kogon dutse, makafi, su zauna tare da ita kusan shekara biyu kafin su iya farauta. Kafin nan ita kaɗai ce gatansu.

Masu neman aikinmu iri-iri ne. Ofis yana son lamba a takarda. Masu ɗaukar fim su zo da akwatuna goma, su ce kwana biyar gare su, a nuna musu damisa, zai fi kyau in tana tsalle. Malam yakan kai su su ɗauki kashinta, yana yi musu bayanin gashin aladen da ke ciki da fuskar gaske. Masu kiwon zuma su tare mu a hanya su tambayi wane kwari ne za su kauce wa. Sai mutanen ƙauye, waɗanda ba sa neman mu sai abu ya ɓaci.

Muguwar shekarar ita ce hunturuna na uku, ina jin. Wata cuta ta shiga aladun daji ta kwashe su, har mukan yi mako ba mu ga sawun ko ɗaya ba. Itacen ƙwaya bai yi 'ya'ya ba. Damisoshi suka fara fitowa bakin ƙauyuka suna ɗaukar karnuka daga kan sarƙa. Dokar ofis ita ce, wadda ta saba shiga gari za a harbe ta da allurar barci a kai ta wurin ajiya. A wannan lokacin Mai Kogi tana da 'ya'ya biyu, 'yan wata biyar ko shida, a ɓoye cikin duwatsun da ba wanda ya san takamaiman wurin. In aka ɗauke ta, sanyi da yunwa za su gama da su cikin kwanaki. Ita kuwa ba ta taɓa kusantar gari ba.

Ranar da abin ya faru Malam yana bukka, gwiwarsa ta kumbura, ya tura ni ni kaɗai in duba kyamara biyu. A hanya na ci karo da sawun Mai Kogi, sabo fil, gefensa yana zuba a yatsana. Santimita tara da rabi. Kusa da shi ga jan abu mai nauyi, ga ɗigon jini ja wur a kan farin. Mako nawa muna fargabar ba ta samu komai ba! Ban san lokacin da na juya ba. Na bi gaba, da sauri, kamar ina bayan Baba Sallau.

Cikin wani kurmi na tarar da ita: barewa, irin tasu babba, ta kai jaki. An ci cinya ɗaya kawai, sauran yana nan, bai ma gama daskarewa ba. Hankaki sun fi talatin a kai, suna yaga suna ihu. Abin da na gani shi ne naman uwa da 'ya'yanta biyu, na kwana huɗu ko biyar, tsuntsaye suna wawashe shi. Na kore su. Na ciro adda na sare rassa, na jera su a kan barewar da kyau, har da danne gefe da gungume. Na yanko sanda na kafa, na kwance jan ƙyallen da ke wuyana na ɗaura. Na ja da baya na duba aikina, na ga ko Baba Sallau ba zai samu abin gyarawa ba.

Na koma na ba Malam labari ina murna. Ya ajiye kofin shayinsa, ya fara ɗaure gwiwa da tsumma. Washegari da sassafe muka tafi, yana ɗingishi. Rassan suna nan yadda na bar su, ba abin da ya taɓa. Ya cire ƙyallen ya kai hancinsa, ya miƙo mini. Ƙamshin turaren da nake shafawa ranar Juma'a yana nan a jiki. Sannan ya ja ni kan wani tudu, taku arba'in daga wurin, ya nuna mini wani kwarmi a cikin ƙanƙara inda zafin jiki ya narka ta ta sake daskarewa. A bayansa ga shara kamar an yi da tsintsiya, inda wutsiya ta yi ta kaɗawa. A gefe ga ƙananan kwarmi biyu.

"Nan take kwance tana kallonka," in ji shi. "Kana sare-sarenka, kana waƙa ma watakila."

Na ce don hankaki na yi.

"Hankaki rabonsu suke ci, ta san da su tun kafin a haife ka. Kai ne ba ta san da kai ba. Mai Digiri, ka kafa wa damisa tuta a kan abincinta."

Sawun ya nuna ta kwashi 'ya'yan ta haura tudu, ba ta waiwayo ba. Mun janye rassan, amma naman ya riga ya zama dutse, kuma warin mutum ya cika wurin. Ba ta dawo ba.

Kwana huɗu bayan haka aka kira mu wani ƙauye da ke ƙarshen kogin. An ɗauke karen wata tsohuwa mai suna Nina daga bakin ƙofarta, sarƙar kawai aka bari. Na durƙusa a inuwar shingenta na ɗora rula, ina roƙon Allah ya sa ya wuce goma. Tara da rabi. Tsohuwar tana tsaye a kaina tana cewa shekara tara karen nan yana gadinta, yau kare, gobe jikarta da ke tafiya makaranta ta bakin daji. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Mazan ƙauyen suka ce in ofis ba zai ɗauke ta ba, su sun san yadda za su yi.

A ofis, shugabarmu ta riga ta kira masu allurar barci. Malam ya zauna a kusurwa yana murza hularsa, bai tona ni ba. Ni na tashi na faɗa. Na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa mai yiwuwa, ina cewa a iya fahimtata, har ta ce in faɗi abin da na yi kawai. Na faɗa, har da tutar. Wani ya fashe da dariya, ta kalle shi ya yi shiru. Sai Malam ya yi magana. Ya ce damisar da ke shiga gari iri biyu ce. Akwai wadda haƙorinta ya karye ko tarko ya lalata mata ƙafa, wannan ba za ta daina ba. Akwai kuma lafiyayya da aka kora daga kan namanta. Wadda ta kayar da barewa mai girman nan mako guda da ya wuce, in ji shi, ba gurguwa ba ce.

Shugabar ta ce in rubuta duk abin da na faɗa in sa hannu, zai shiga fayil ɗina. Ta ba da kwana goma. In Mai Kogi ta sake taka ƙauyen, za a ɗauke ta, ko an samu 'ya'yan ko ba a samu ba.

Ku da kuke ganin aikin hoto ne, ga abin da na yi a kwana goman nan. Ni da ban taɓa shafa kare ba a Sheme, na bi gida-gida ina roƙon mutane su shigar da karnukansu ɗakin itace, inda aka ƙi in ɗauka da hannuna in kai. Wani kare ya cije ni a takalmi. Na gyara wa tsohuwa Nina shingenta, ta tsaya tana gaya mini ban iya riƙe guduma ba, daga baya ta kawo mini shayi da zuma ba tare da ta kalle ni ba. Kowace safiya mu raka yara makaranta, sannan mu zagaye ƙauyen kaf a kan katakai muna duba ko sawu ya shigo. A rana ta shida mun same shi, ya zo har bakin gonar dankali, ya tsaya, ya juya. Muka yi ta gardama da mutanen gari ko bakin gona cikin gari ne. Malam ya auna da takunsa ya ce saura ɗari biyu, ya rubuta haka.

Rana ta tara, muna kan tudu da hantsi, sai ya kama hannuna ya nuna can ƙasan kwari. Hankaki ne, baƙi ƙirin, suna tashi suna sauka wuri ɗaya, alamar ta sake kayar da nama. Ban taɓa jin daɗin ganin tsuntsu kamar ranar ba! Na riga na ɗaga ƙafa. Ya riƙe mini bayan riga.

"Ina za ka?"

Na ce ba ko'ina.

"Madalla. Zauna."

Kwana huɗu muka bari kafin mu sauka. Ba abin da ya rage sai kofato, da gashi, da ƙashin muƙamuƙi. An tattake wurin kamar masussuka. Ga makwancin uwar, ga ƙananan sawu sun bi ko'ina, suna hawa kan gungume suna durowa, har da inda aka yi kokawa da fatar. Ofis ya sallami masu allura. Mai Kogi ba ta sake kusantar ƙauyen ba har ƙanƙara ta narke, kuma na bar ƙasar tana nan a kan koginta.

Abin da ban sani ba shi ne wannan. A wurin naman, sawun ya cakuɗe, ba a iya ƙidaya. Inda suka fita kan kogi kuwa layi ɗaya suka yi, kuma 'ya'yan damisa sukan saka ƙafa a cikin sawun juna. Malam ya ce ɗa ɗaya ne. Ni na ga kamar a wani lanƙwasa layin ya rabu biyu na taku uku ko huɗu, amma rana ta riga ta taɓa wurin. Da bazara kyamara ta kama uwar da 'ya mace ɗaya. Na biyun bai sake fitowa ba. Malam ya ce a shekara irin wannan ko ba ni ba da wuya ta raya biyu, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Daga baya wani ma'aikacin gandun da ke maƙwabtaka da mu ya ce sun ɗauki wani saurayin namiji da ba su san asalinsa ba, shekarunsa sun yi daidai. Sai dai hotonsu gefen hagu ne, mu kuma hoton ɗan da muke da shi tun kafin maganar barewar nan gefen dama ne, ratsin gefe biyun kuwa ba ɗaya ba ne.

Saboda haka ina roƙo. Na san akwai 'yan ƙasarmu da suka yi karatu a yankin, wasu sun zo mana aikin hutu, wasu har yanzu suna magana da mutanen can. Duk wanda ya ga na yi kuskure a awo, ko a lissafin kwanaki, ko a maganar da na sa a bakin wani, ya aiko mini in gyara. Wanda kuma ya san mai hoton saurayin nan ta gefen dama, don Allah ya taimaka ya nemo mini. A rahoton da muka miƙa ɗaya aka rubuta, domin Malam ne babba, kuma na sa hannu. Ni dai a lanƙwasar nan biyu na gani.